Wandon da Ya Ci Tseren Bikin Masara

Ranar da na fara ganin Wendell Pruitt, da baya ya shigo gidanmu. Ina zaune a gindin bishiyar tuffa, ina karanta wani tsohon littafin soyayya marar bango da na tsinta a gwanjo, sai na ji shingen katakonmu ya yi ƙara ya kwanta. Na ɗago kai, ga wani dogon saurayi siriri a kan injin yankan ciyawa irin wanda ake hawa, yana tahowa da ribas, ya riƙe sitiyari gam, idonsa na kallon gaba kamar can ya nufa. Ya bi ta kan kabejin Baba, ya ture bokitin shara, sannan gindin bishiyar ya tare shi. Tuffa ta faɗo masa a ka.

Ya sauko, ya kakkaɓe wando, ya cire hula.

"Da gangan na yi," in ji shi. "Ƙwarin shingenku nake gwadawa. Ba shi da ƙwari."

A littattafan da nake karantawa, masoyi kan iso ne a jirgin ruwa, iska na kaɗa masa gashi. Nawa da ribas ya zo. Ni ba mai magana ba ce, amma na rufe littafin ban sa alamar shafi ba.

Wendell shi ke yanke ciyawar coci da ta maƙabarta a garinmu, Otter Bend, amma in yana magana sai ka ɗauka jirgin sama yake tuƙawa. Ya ce ya taɓa gyara tarakta da cokali mai yatsu. Ya ce manyan kamfanonin mota sun daɗe suna nemansa, lambar wayarsa ce kawai ba su da ita. Tun daga ranar nan yake zuwa duk Lahadi da guduma, wai gyaran shinge. Ya ci kazar Baba, ya buga ƙusa a karkace, ya zauna kusa da ni yana ba ni labarin kansa. Shekara uku shingen bai miƙe ba, ni kuwa ban taɓa ƙorafi ba. In ma na ga katako ya kusa tsayuwa, nakan ɗan jingina da shi bayan ya tafi.

Abu ɗaya ne Wendell ba ya wasa da shi, rantsuwa. Aiki kam bai taɓa gamawa ba, amma in ya rantse ba ya janyewa. Yana yaro ya rantse ba zai ƙara cin kankana ba saboda ƙwallonta ya taɓa maƙale masa a hanci, har yau in an yanka sai ya tashi ya fita waje. Wannan halin ne ya kusa tsufar da ni a gidan Baba.

A liyafar coci abin ya faru, zaure cike da mutane. Baba ya ajiye cokali ya dube shi.

"Kai Wendell, ka ƙarar mini da kaji. Shingen kake nema ko 'yar?"

Na ji kamar in shige ƙarƙashin tebur. Wendell ya miƙe tsaye da cinyar kaza a hannu.

"Baba Hollis, 'yar nake nema. Amma mace irin Darla ba a zuwar mata hannu wofi. Jama'a, ku shaida! Na rantse ba zan buɗe baki in nemi aurenta ba sai ranar da na zo na ɗaya a tseren Bikin Masara!"

Sannan wani ya ƙware da lemo, zauren ya ɗauki dariya.

Goggo Maxine, yayar Baba, ta dafa kafaɗata. "Shi ke nan, 'yar nan. Zan nemo miki kyanwa, ku tsufa tare."

"Haba Goggo," in ji Wendell, "ai kin san ni."

"Na san ka mana. Shi ya sa na ce kyanwa."

Tseren dai abin da muke yi ne kowace shekara in masara ta nuna. Maza su kwance wuƙaƙen injinansu na yankan ciyawa, su ƙara musu gudu, su yi ta zagaya filin da ke bayan ofishin 'yan kwana-kwana tsakanin dammunan ciyawa. Wanda ya ci a ba shi kofin roba da buhun masara. Amma masu ci mutane ne da suka san abin da suke yi. Wendell ko da keke bai taɓa riga kowa ba.

Da ni mai baki ce, da a wurin na ce masa ba kofi nake so ba. Na buɗe bakin kuwa. Abin da ya fito shi ne, "A miƙo mini gishiri."

Washegari Wendell ya ja injinsa cikin gareji, ya raɗa masa suna Harsashi, ya zana masa jan fenti a gefe.

Goggo ta leƙo ta kan shinge. "Karas ka zana?"

"Harshen wuta ne, Goggo."

"To wutar taka har da ganye."

Ya juya gare ni, fuska duk baƙin mai. "Darla, sirrin gudu faifai biyu ne, waɗannan da fanbel ke zagayawa. Ɗaya a jikin inji, ɗaya wajen tayoyin baya. Ka sayo babba da ƙarami ka ɗaura, shi ke nan, sai sama."

"Wanne ake sawa a jikin inji?" na tambaya a hankali.

"Darla, Darla. Wannan lissafi ne. Kada ki ba kanki ciwon kai."

Ranar Asabar da hantsi ya gayyato layinmu gaba ɗaya kallon gwaji. Mutane suka fito da kujerun naɗewa. Har Vern mai aski ya rufe shago ya zo, don shi ne alƙalin tsere kowace shekara. Wendell ya fito da hular kwano ta aro da tabaran ninkaya.

"Ku janye yara!" ya yi ihu. "Ku ɗaure karnuka! Mai ciwon zuciya ya juya baya!"

Ya tayar. Harsashi ya yi ruri har tagogi suka amsa, hayaƙi ya turnuƙe. Da hayaƙin ya washe, sai ga Wendell ya sunkuya a kan sitiyari, ya cije haƙora, inji kuwa na rarrafe kamar mai neman allura a ƙasa. Ya ɗaura faifan ne a juye. Wani kare ya zo ya kwanta a gabansa, ya yi hamma, ya sosa kunne, ya ɗan yi gyangyaɗi, da taya ta kusa taɓa shi ya tashi ba gaggawa ya matsa gaba kaɗan ya sake kwanciya.

Goggo ta taho da kofin shayinta, tana tafiya a gefensa, har tana tsayawa ta jira shi.

"Wendell, in riga ka zuwa kwana in ce musu kana tafe?"

"Ɗumama inji nake!"

"Yaro," in ji Vern, "kada ka kashe. Ka miƙe haka kawai, wataƙila ka iso fili ranar bikin."

Wendell ya ɗaga tabarau. "Da gangan na yi. So nake abokan hamayya su raina ni."

"To wannan kam ka ci," in ji Vern.

Mako na zagayowa ya juya faifan yadda ya kamata. Bai tsaya nan ba. Ya ciro wani ɗan ƙarfe da ke hana inji wuce ƙa'ida, ya nuna mini shi kamar haƙorin da ya dame shi.

"Matsorata ne suka ƙirƙiro wannan."

"Birki fa?" na ce, don na ga sandar birkin a kwance a ƙasa.

"Wanda zai zo na ɗaya me zai yi da birki? Birki na na baya ne."

A wannan karon bai ma gama cewa a janye yara ba. Harsashi ya fizge shi, hular kwano ta tsaya a iska ta faɗo inda ya bari. Sai dai akwai abin da ya manta. A ƙarƙashin kujerar kowane irin wannan inji akwai ɗan makunni, da nauyin mutum ya ɗaga daga kujera inji ya mutu. Wendell kuwa ba shi da nama. Duk ramin da ya taka sai ya yi sama, inji ya mutu, ya faɗo, inji ya tashi da ƙarar bindiga. Haka ya gangara layin, tsalle da harbi, tsalle da harbi, kamar akuya mai shaƙuwa. Tsohon sojan da ke ƙarshen layi ya kwanta a bayan akwatin wasiƙunsa yana kiran a kawo ɗauki.

Akwai kuma abu na biyu da ya manta, wanda ko ɗan koyo ba ya mantawa. Bai kwance wuƙaƙen ba.

Ciyawar gaban gidanmu ita ce ran Baba. Da almakashi yake bin gefenta, a durƙushe. A tsakiyarta aka kafa allon da unguwa ke ba wanda ciyawarsa ta fi kyau. Harsashi ya shigo ta kusurwa guda ya fita ta ɗaya, ya bar aski har baƙar ƙasa, allon ya zama tsinken sakace. Daga nan ya faɗa igiyar shanyar Goggo, ya fito sanye da rigar barcinta mai furanni, ya zarce kwalbati. Can muka ji harbi na ƙarshe.

Baba ya daɗe tsaye a bakin askin, hannu a baya. Wendell ya iso yana ɗingishi, rigar barcin na ɗigar da ruwa.

"Wendell," Baba ya ce a sanyaye, "wannan ma da gangan ne?"

"To, Baba, ka san ita ƙasa tana bukatar shan iska."

Baba ya juya ya shiga gida. Ya ɗauko sifana, ya gangara kwalbati, ya kwance wuƙaƙen da hannunsa, ya rataye su a falo saman talabijin.

"In ka ƙara kusantar ciyawata da wani abu mai kaifi," in ji shi, "ko farcenka ne, sai na shuka ka a wurin."

"Ni kuma ka cire mini riga," in ji Goggo. "A'a, bar ta. Ta fi yi maka kyau."

Kowa ya ɗauka zai haƙura. Shi kuwa ya zo da sabon nazari.

"Nauyi ne matsalar. Na yi wa Harsashi nauyi."

Ya daina cin abinci. Ranar Lahadi aka ajiye kaza, ya kau da kai ya sha ruwa. Baba da kansa ya tsorata, ya tura masa cinya, ya ƙi. Wendell da dama siriri ne ya koma kamar sandar mofa, wandonsa na yawo a jikinsa. Yana ƙara ramewa yana ƙara tashi daga kujera, inji na ƙara mutuwa.

"Kai, nauyi kake bukata, ba rama ba!" in ji Vern.

Sai ya cika aljihunsa da duwatsu, amma bai koma cin abinci ba.

"To me ya sa ba za ka ci kazar ba ka zubar da duwatsun?" Goggo ta tambaya.

"Goggo, nauyin dutse daban, nauyin kaza daban. Lissafi ne."

Daga ƙarshe ya gaji, ya zubar da duwatsun, ya naɗe makunnin kujerar da salatif, ya danne shi har abada. Yanzu ko ya tashi ko ya zauna, Harsashi bai san bambanci ba.

Saura igiyar tsira. Dokar tsere ce: kowane inji sai da 'yar igiya, baki ɗaya a soke a jikin inji, ɗaya a ɗaure a hannun direba. In ka faɗo, ta fizge, inji ya mutu. Vern ba ya barin kowa shiga fili babu ita. Matsalar Wendell ita ce ba ya iya wuce mutum bai ɗaga masa hannu ba. Ya ga fasto, ya ɗaga hannu, igiya ta fizge, inji ya mutu. Ya ga mai kawo wasiƙa, haka. Har saniya ya taɓa gaisarwa.

Ana gobe biki na kai masa dafaffiyar masara, ko zai ci. Na same shi yana matsa gam ɗin nan mai kama ƙarfe a bakin igiyar, inda take shiga inji.

"Wendell, in ka manne ta, in ka faɗo fa?"

"Faɗowa? Ni?" Ya yi dariya har ya riƙe wando kada ya zame. "Kuma ba a hannu zan ɗaura ba. A nan." Ya nuna kunnen wandonsa, wurin da ake zura bel. Bel ɗin ma ya cire shi, wai ƙarfen kansa nauyi ne.

A aljihun wandon na ga tudun wani ɗan akwati. Ya ga ina kallo, ya sa hannu ya rufe.

"Fulogi ne," in ji shi, kunnuwansa suka yi ja.

Na san ba fulogi ba ne. Duk garin an san zoben kakarsa na wurinsa. Na tattaro duk ƙarfin halin da na taɓa karantawa a littafi.

"Wendell, ko ba ka ci ba, ni dai..."

Ya murɗa makulli. Harsashi ya yi ruri ya haɗiye sauran.

"Me kika ce?"

"Na ce masarar za ta huce!"

Ranar biki rana ta buɗe sosai. Ko'ina ƙamshin dafaffiyar masara da man shanu. Can gaba da layin ƙarshe, bayan dammunan ciyawa, aka kafa tantin Goggo. Kowace shekara ita ke sassaƙa saniyar man shanu, girman saniyar gaske, a jera mata ƙanƙara da fankoki kada ta narke. Ta bana sunanta Bernadine, har da gashin ido. Goggo na tsaye a ƙofa da abin kashe ƙuda, tana harar duk wanda ya matso da masara a hannu.

Injina suka jeru. Vern ya duba igiyar kowa da ido, ya hau kan akwati da lasifika, ya saki tuta.

Kowa ya yi gaba. Harsashi ya yi baya. Ya ture kujerar yarinyar da aka naɗa Sarauniyar Masara, ta faɗa cikin bahon ɓawon masara da kambinta.

"Da gangan ya yi!" jama'a suka haɗa baki.

Wendell ya laluba giya, ya samu. Abin da ya biyo baya ni ma da na gani ban gama yarda ba. Ba shi da birki, saboda haka ba ya rage gudu a kwana, a kan taya biyu yake shan ta, bakinsa a buɗe, ba a san ihun murna yake ko na neman ceto ba. Sauran direbobin mutane ne masu iyali. Da suka waiwaya suka ga abin da ke tahowa, kowa ya nemi hanyarsa. Ɗaya ya shige cikin dami da kansa. Ɗaya ya kashe inji ya sauka ya cire hula. Mai kantin ƙusa, wanda ya saba cin kofin, ya rakuɓe gefe yana ɗaga masa hannu ya wuce don Allah.

Muryar Vern ta fito a lasifika tana rawa. "Jama'a, ban sha komai ba yau. Wendell Pruitt ne a gaba. Na ce Wendell Pruitt. Wani ya kira fasto."

Zagaye na ƙarshe ya zo, ya sha kwanar ƙarshe, ga layi a miƙe ba kowa a gabansa. Na riƙe hannun Baba, ban san na riƙe ba.

"Tabɗi," Goggo ta ce daga ƙofar tanti. "Ni da na riga na karɓo kyanwar."

Saura kaɗan ya hango ni. Da ya kau da kai, da yanzu wani labarin nake bayarwa. Amma Wendell ne. Ya miƙe tsaye a kan inji, ya saki sitiyari, ya ɗaga hannu biyu.

"Darla! Ki shirya!"

Taya ta faɗa ramin gafiya.

Ya yi sama, ya juya, ya sauka da baya a kan dami, ƙafafu a sama. Igiyar tsira ta miƙe. Gam ɗin nan kuwa mai kyau ne, shi kaɗai ne abin da Wendell ya taɓa haɗawa ya riƙe. Igiya ba ta fita daga inji ba, ba ta kuma saki wando ba. Wando babu bel, mai shi babu nama. Wandon ya zame sumul, har da takalma.

Harsashi bai ko lura ba, makunnin kujera na danne da salatif. Ya tsallake layin ƙarshe shi kaɗai, wando na kaɗawa a bayansa kamar tuta. Ya fasa dammunan ciyawa, ya nufi tanti. Goggo ta tsaya a gabansa ta ɗaga abin kashe ƙuda, sannan ta sake shawara.

Ƙarar ba ta da yawa. Wani irin lumtsum ne mai taushi. Tayoyin baya suka ci gaba da juyawa a cikin Bernadine, suna feshin man shanu har kan rufin motar kashe gobara, kan fasto, kan Sarauniyar Masara da ta fito daga baho ke nan. Can inji ya shaƙe ya mutu. Da aka ɗaga tanti, kan Bernadine na zaune daram a kan kujerar direba, gashin idonta bai ko motsa ba.

"Bernadine!" Goggo ta ƙwala ihu.

Baba ya share man shanu daga gira, ya matso kusa da ita. "Haƙuri, Yaya. Kin san shi man shanu yana bukatar shan iska."

Nan fili ya kaure.

"Wando ne ya ci!"

"A ba wando kofi!"

"Saniyar fa? Ita ce a kan kujera!"

"Bayan layi ta hau, ba ta da hakki!"

Wasu suka fara miƙa masararsu suna dangwalar abin da ya rage na Bernadine, Goggo na bin su da duka. Vern ya tsuguna ya duba igiyar, ya ja, ya sake ja, ya kira mutum biyu suka ja tare. Ya hau akwatinsa, fuska a murtuke.

"Doka ta ce inji da direbansa. Wando ba direba ba ne. Kofi na mai kantin ƙusa ne." Ya numfasa. "Kuma wanda ya manne igiyar tsira da gam, ya danne makunnin kujera, ya jefa ran jama'a da na saniya cikin haɗari, ba zai ƙara shiga wannan tsere ba muddin ina numfashi. Bayan na mutu ma na bar wasiyya."

Aka yi ta tafi da shewa. Ni kaɗai na ji abin da hukuncin yake nufi.

Na kwance wandon daga igiyar, yana ɗigar da mai, na kai masa. Wendell na tsugune a bayan dami, ya ɗaura buhun masara a ƙugu, ƙafafunsa kamar karan dawa. Ɗan akwatin ya zamo daga aljihu ya faɗi tsakaninmu. Bai ɗauka ba.

Na jira ya faɗi abin da ya saba faɗi. Na ma ƙagu in ji.

"Darla," ya ce, bai ɗago ba. "Ba da gangan na yi ba."

Tunda na san shi ban taɓa jin muryarsa ƙarama haka ba. Ban so ta ba ko kaɗan.

"Ban zo na ɗaya ba. Kuma kin ji Vern, babu baɗi, babu baɗin baɗaɗa. Na rantse a gaban mutane, ba zan iya tambayarki ba." Ya ja hanci. "Ki karɓi kyanwar. An ce suna da kirki."

Na dubi akwatin a ƙasa. Na dubi wannan mutum da ya yi makonni ba ya cin kaza saboda ni, ya sa rigar barcin Goggo a gaban layi guda, ya ba da wandonsa. A duk littattafan da na karanta babu wanda ya taɓa yi wa mace haka, kuma na gane dalili, amma duk da haka.

Na ɗauki akwatin. Na ratsa fili, santsi na ɗibata, na je gaban Vern na miƙa hannu. Mamaki ya sa ya ba ni lasifikar. Ta yi wata irin ƙara, kowa ya juyo. Ni da in na yi magana a teburin cin abinci sai an ce in maimaita, na ji numfashina na fita ta saman ofishin 'yan kwana-kwana.

"A miƙo mata gishiri!" wani ya yi ihu.

"Rufe mana baki!" in ji Goggo. "Yi magana, 'yar nan."

"Wendell Pruitt," na ce. Tsuntsaye suka tashi daga kan waya. "Tashi tsaye. Riƙe buhun da kyau."

Ya miƙe, ya buɗe baki.

"Kada ka ce komai, kar ka karya rantsuwarka. Kai ka rantse ba za ka tambaya ba. Ni kuwa ban rantse cewa ba zan amsa ba."

Na buɗe akwatin. Zoben ya yi mini kaɗan, amma da man shanu a hannuna ya shige ba gardama. Na ɗaga hannun sama kowa ya gani. Baba ya cire hula ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa na rawa, ban san ko kuka yake ko dariya ba.

"Zan aure ka, Wendell. Ni zan riƙa yanke ciyawar gidanmu, kai kuma ka ci kaza. Kuma ga alkawarina, Otter Bend duk ku shaida: daga yau har mu tsufa, duk shingen da ka kayar, duk abin da ka fasa, duk inda ka shiga da baya, kafin kowa ya buɗe baki ni zan fara cewa da gangan ka yi."